Garin Kuka a Lagireton Baba

Ina wankan jego a gidanmu na Mile One a Fatakwal 'yata ta kamu da ciwon ƙirji. Ko arba'in ba mu yi ba. In ta ja numfashi sai ka ga ramin wuyanta ya lotsa, hancinta na buɗewa yana rufewa. A asibiti suka ce sanyi ne ya shige ta, suka rubuta allura kullum da safe, kada a tsallake ko ɗaya, kuma kada a bari iska ta buge ta. Damina ce, ga ruwan Fatakwal da ba ya jiran kowa ya shirya. Keke mai ƙafa uku a buɗe yake ta ko'ina, bas kuwa sai ka tsaya bakin titi ruwa na dukanka. Mijina ya tafi arewa sayen shanu. Ba abin da ya rage sai motar Baba.

Tsohuwar mota ce mai dogon baya, da ita yake ɗauko nama daga mayanka zuwa kasuwa. Yana wanke ta, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ƙarni ya riga ya shige kujerun. A cikin wannan ƙarnin na girma, ban taɓa jin sa ba sai da na haihu. Jego ya buɗe mini hanci.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Inna na gaba, ni ina baya da yarinya a cinya, duk mun rufe tagogi. Ba mu yi nisa ba gilashin gaba ya yi fari fat da tururin numfashinmu. Baba ya jawo tsumma daga ƙarƙashin kujera ya goge. Tsumman da yake goge hannu ne in ya gama loda nama, sai ya bar maiƙo a gilashin, fitilun motoci suka koma wasu jajayen dunƙule-dunƙule.

Inna ta ce, "Malam, kunna abin ɗumin nan mana, ai shi ke share gilashi."

Ya murɗa hita. Iska ta fito ta ramukan nan, sanyi ƙalau, da wani wari kamar an buɗe tukunyar miyar da aka manta a bayan ɗaki. Kai tsaye ta bi tsakanin kujeru ta sauka a fuskar 'yata. Na rufe ta da mayafi, na toshe hancina da kafaɗa. Gilashin kuwa sai ƙara dushewa ya yi. Baba na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan na gugar gilashi, ya miƙa wuya yana leƙe ta wata 'yar kafa.

Ban ga tankar da ke gabanmu ba. Salatin Inna na ji, sai ƙarar birki, motar ta zame a kan ruwa ta juya gefe. Yarinyar ta suɓuce daga cinyata, gefen zanenta na cafko. Da muka tsaya, ruwan da ke zuba daga bayan tankar a kan bonet ɗinmu yake sauka. Na ɗago ta ina jijjigawa, ba ta yi kuka ba, idonta kawai ta buɗe.

Mun isa asibiti, an yi allurar. Da muka fito na tsaya a baranda na ƙi motsi. Ban iya kallon Baba ba, sai na gaya wa Inna.

"Ni ba zan ƙara shiga motar nan da yarinyar nan ba."

Baba ya ji. Ya ce wa Inna, "Tambaye ta, gobe a ƙafa za ta kawo mini amaryar tawa?" Ya leƙa fuskar jaririyar. "Ke amarya, kin ji uwarki ta raina motar angonki."

Ba wanda ya yi dariya. Can ya ce mu shiga, ruwa ya tsagaita, gareji za mu wuce.

Makanikinsa na wajen Mile 3, wani Ibo ne da aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ce, "Alhaji, hita? A Fatakwal? Ko Jos za ka koma?" Da ya ga abin da ke hannuna sai ya daina wasa, ya share mana benci a ƙarƙashin rumfar kwano, ni da Inna muka zauna.

Ya fara buɗe murfin lagireto, inda ake zuba wa mota ruwa, ya ce ruwan ya yi ƙasa. Ya ƙara, ya sa Baba ya tayar da injin ya bar shi ya yi zafi. Sannan ya nuna wasu tiyo biyu baƙaƙe da suka fito daga injin suka shige cikin motar ta wajen ƙafar mai zaman gaba. Ya ce a can ciki akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, ruwan zafi na shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗayan, fanka ta hura iska ta cikinsa, shi ke nan ɗumin. Ya kama na farko ya saki da sauri. Ya kama na biyu ya riƙe.

"Alhaji, taɓa. Wannan wuta, wannan kamar hancin kare. Ruwa na shiga, ba ya fita. Wani abu ya toshe shi."

Ya jira injin ya huce, ya kwance tiyon biyu, ya jona na famfo a bakin da ruwa ke fita don ya tura dattin baya. Da farko ba abin da ya fito. Ya ƙara buɗe famfo. Sai muka ji wani ɓul, wani abu kore-baƙi ya faɗo cikin bokiti, mai kauri, yana jan zare bai tsinke ba. Warin ya iso rumfar kafin in rufe hanci. Makanikin ya ja baya yana tofar da yawu.

"Chineke! Alhaji, tuwon fa? Ga miya, ina tuwo?"

Inna ta miƙe ta leƙa bokitin. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, kuka ce wannan."

Baba ya gyara hula. Ya ce lagireton ne ke yoyo tun bara, kuma kowane direban shanu ya san in ruwa na ɗiga a hanya, garin kuka ake zubawa, yauƙin ya bi ramin ya liƙe shi. Ya ce da haka manyan motoci ke zuwa daga arewa har nan.

"A daji ke nan, Alhaji, inda ba makaniki. Sau ɗaya, ka iso gari ka wanke. Kai sau nawa ka zuba?"

"In ta fara ɗiga dai."

Inna ta tafa hannu. "Kukar da yayata ta aiko mini daga gida! Ina ta zargin matan gidan haya, har na daina gaisa da wata. Ashe mota ke shan miya ni ina cin tuwo gaya!"

"Da ƙwai ma ka fasa mata, ko?" in ji makanikin, yana tona wani farin abu da sukudireba. Baba ya ce sau ɗaya ne. Da aka tambaye shi wane ruwa yake ƙarawa, ya ce wanda ke kusa, wato bokitin da suke ɗauraye wuƙaƙe da tumbi a mayanka.

Na zauna ina jin su. Kuka da ƙwai da ruwan tumbi, suna dahuwa suna hucewa, suna dahuwa suna hucewa tun bara. Ban san ba a gama ba. Makanikin ya ce toshewa ba ta wari a cikin mota, dole akwai inda yake tsattsafowa. Ya shiga ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gaba, ya bi ta har baya inda nake ajiye ƙafa. Bakin tiyon ya tsage ta ciki, abin yana ta gangarowa. Damshin da nake ji a tafin ƙafata kullum, ina cewa ruwan sama ne. Soson da ke ƙarƙashi ya yi baƙi, fararen tsutsotsi na motsi a ciki. A nan nake ajiye jakar kayan yarinya. A nan gorar ruwanta ta faɗi shekaranjiya na ɗauka na goge da mayafi.

Na miƙa wa Inna yarinyar, na zagaya bayan rumfa na yi amai. Haushin da na ji ban san inda zan kai shi ba. Ubana ne. Bai yi don mugunta ba, kuma da asuba yake tashi ya kai mu. Amma na kasa haɗa ido da shi, shi ma bai neme ni da wasa ba.

Har bayan azahar ana aiki. An yi ta tura ruwa gaba da baya sai da ya fito fari. An cire babban lagireton an kai wa mai walda ya liƙe ramin da dalma, an sa sabon tiyo, an yaye soson nan an jefar. Baba da kansa ya wanke ƙasan motar da omo da ruwan zafi. Makanikin ya cika ruwa mai tsabta, ya bar murfin a buɗe injin na aiki, kumfa na fitowa ɗaya-ɗaya har ta daina. Ya kama tiyon biyu, duka suka ƙona shi. Ya kira ni da kaina.

"Maman baby, zo sa hannu."

Na sa. Iska mai ɗumi ke fitowa ta ramukan hita, da ɗan warin ƙarfe da omo.

Washegari aka tashi da ruwa. Na tsaya a ƙofar gida da yarinya a ƙirji, Baba na cikin mota ya tayar da ita tun ɗazu, yana jira, bai yi hon ba. Na ƙi matsawa kusa da motar. Inna ta ce, "Ke, lokacin allura na wucewa." Na shiga. Gilashin ya fara yin fari daga sama, na ƙanƙame hannun ƙofa, sai na ga farin yana janyewa daga ƙasa a hankali, titi ya fito, masu lema, keke, bayan wata bas. Na zura hannu cikin zane na taɓa tafin ƙafar 'yata, da ɗumi.

Ba mu tsallake allura ko ɗaya ba. Ranar ta ƙarshe ma'aikaciyar jinya ta sa abin sauraro a ƙirjinta ta ce ya washe, mu je gida. A hanyar dawowa Baba yana tafiya a hankali har na baya na zaginsa, ni kuwa hannuna bai bar ƙofar ba sai da muka tsaya.