Taɓaryar Maccido

Maccido mutumin wani ƙauye ne a bakin Gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, manomin albasa ɗan manomin albasa. Kafin a ɗebe shi aikin kuza a shekarun yaƙin Turawa, yakan saɓa buhu a kafaɗa yana hira kamar ya ɗauko tabarma. Ba shi ya nemi tafiyar ba. An ce kowane gari ya ba da ƙarti, mai gari ya duba bai ga ƙato irinsa ba, sai ƙarfinsa ya zama laifinsa. Ya tafi ƙasar Jos da ƙirji kamar ƙofar rumbu. Ya dawo ana ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga, da tari mai naci, da fushin da ya fi tarin naci.

Yana fushi da Nasaran da bai taɓa tambayar sunansa ba. Yana fushi da mai gari. Yana fushi da usur ɗin da ake tashe su da shi cikin sanyin duwatsu. Amma wanda ya fi cinsa shi ne fushi da hannuwansa, waɗanda yanzu ke rawa in ya ɗaga buta.

Ubansa ya bar masa fadama a gefen ruwa, da jigo a kanta, doguwar sanda mai guga a gaba da curin laka a baya, wadda ake ja a ɗebo ruwa a shayar da fangalin albasa. Da ba ya nan, Isa ɗan ƙanen babansa ne ya noma ta, kuma ya ji daɗinta. Da maganar ta kai gaban mai gari, sai ya yanke ta a taƙaice.

“Hwadama ba ta zama banza, Maccido. In dashe ya yi, wanda hannunai ag ga jigo shi ad da ita.”

“Ranka shi daɗe, wa yac cire hannuna daga jigon?”

Mai gari ya kalli rufin zaure. Damina ta kusa ɗaukewa. Abin da ya rage kafin dashe bai wuce ruwan gulbi ya ja baya ba.

Washegari Maccido ya sauka fadama ya kama igiyar jigo. Gugan ya nutse, ya cika, ya taso rabi, sai ƙirjinsa ya ƙulle. Laka ta rinjayi sanda, ruwa ya kelaye masa a ka, ya zauna daɓas cikin taɓo. Isa na tsaye a kan kunya, bai yi dariya ba, tausayi ya nuna, kuma wannan ya fi dariya ciwo.

Ran kasuwar Rabah aka nuna masa Sale, tsohon ɗan doka da aka sallama, wanda ke tara samari bayan rumfunan mahauta yana koya musu fareti da tsalle da ɗaga dutse. Yana da gajeren wando mai guga da murya mai tsaga kasuwa. Maccido ya dubi damatsansa, bai dubi komai ba kuma. Ya kai masa ’yar tunkiyar da matarsa Habi ke kiwo, ya ce ƙarfi yake so, kuma da gaggawa.

Sale bai tambaye shi ciwo ba, bai tambaye shi abin da yake ci ba. Ya ɗora masa dutsen niƙa a ka da rana tsaka, ya ce ya kewaya fili da gudu tare da samarin da a haife Maccido ya haife su. Sannan ya sa usur a baki ya busa.

Ƙarar nan ta shiga kunnen Maccido ta fita da shi daga Rabah. Ya ga jan rami, ya ga kwanon ƙasa a kansa, ya ji sanyin da ya kashe abokan tafiyarsa. Ya yi gudu saboda an busa, kamar yadda ya saba, har ƙafafunsa suka ƙi. Ya faɗi, ya tofar da yawu da jini a ciki.

“Tashi, raggo! Ko mata sun hi ka!” in ji Sale, ya sake busawa a kansa.

Maccido ya tashi. Ya fizge usur ɗin daga bakin Sale har igiyar ta tsinke, ya jefa shi cikin tarin tumbin da mahauta suka zubar.

“Na biya ka kay yi man abin da Nasara yay yi man kyauta. Riƙe tunkiyar. Allah shi isa.”

A kan jaki aka mai da shi gida, ya kwanta har gero ya fara shiga rumbu.

Habi ce ta yi maganar Baba Mode. Tsohon ɗan kokawa ne a Goronyo, ya daina shiga fage tun kafin a haifi Maccido, amma har yanzu iyayen ’yan kokawa na kai masa ’ya’yansu. Maccido ya aika aka ɗauko shi. Da ya gan shi sai ransa ya ɓaci: gajeren tsoho ne, kunne ɗaya a murɗe, yana tafiya kamar mai tsoron tada ƙasa daga barci.

Mode ya ƙi karɓar komai tukuna. Ya sa shi ya yi tafiya zuwa bakin rijiya ya dawo, ya kara kunne a bayansa yana sauraron numfashi. Ya matsa masa damtse da cinya. Ya juya ga Habi ya tambayi abin da mijinta ke ci, ya ce a ƙara wake da nono. Ya tambayi wane aiki ake son jikin ya yi.

“Jigo,” in ji Maccido.

“To, ba kokawa kaka nema ba. Ɗiyata, kawo turminki.”

Ta kawo. Mode ya zuba gero, ya miƙa wa Maccido taɓarya.

“Ka ɗaga, ka ja numfashi. Ka saki, ka hidda shi. Da ka ji tari na zuwa, aje. Gobe ka ƙara kaɗan.”

Maccido ya dubi taɓaryar, ya dubi tsohon. Jijiyar wuyansa ta tashi.

“Baba, don wanga nis sa anka ɗauko ka tun daga Goronyo? In yi daka? Ni?”

“Jigo sama da ƙasa na, taɓarya sama da ƙasa ta. Bambancin, ita ba ta jehwa ka gulbi in ka gaza. In ka hi son dutse, mai usur na nan Rabah.”

Maccido ya karɓa. Ya sa Habi ta ja turmin can bayan rumbu, aka kewaye da zana, ya yi mata kashedi kada kowa ya ji.

Nan ya yi kuskure, domin a ƙauye turmi ba ya da sirri. Kowace mace ta san dakan maƙwabciyarta kamar yadda ta san muryarta. Dakan Habi mai sauri ne, mai tsalle, har takan wurga taɓarya ta tafa ta cafe. Yanzu sai ga wani daka na fitowa daga gidanta, mai nauyi, mai ɗingishi, ya buga ya tsaya ya yi tari. Kafin a je ko’ina labari ya gama rijiya, ya gama majalisa.

Maccido na fitowa daga masallaci Isa ya tare shi a gaban jama’a.

“Yaya, sannu da aiki. An ce hurarku ta hi ta kowa laushi bana. In an gama, a turo muna surhe.”

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a saya masa zane. Maccido ya shiga gida idonsa ja wur, ya ɗauki taɓaryar ya maka ta bayan danga, ya shure turmin. Mode na zaune a gindin darbejiya yana gyaran igiya, ko kai bai ɗaga ba.

Habi ta fita ta ɗauko taɓaryarta, ta share mata ƙasa da gefen zane. Mace ce mai ƙarancin magana. Ranar nan muryarta ta kai har hanya.

“Malam, da kat tahi, mi kaka tsammanin munka ci? Dakan mutane nika yi, gida gida, ana ba ni tsaki da dussa. Dubi hannuna! Wagga taɓarya da kaj jehwar ita tar riƙe gidanka, ita taƙ ƙi bari a ce mun yi roƙo. Tunkiyata ka ba mai usur, ban ce komi ba. Yau ita ta abin kunya? To bar wa Isa hwadamar, ka huta.”

Ta buɗe tafin hannunta a gabansa. Kanta ce a jere, tauri kamar ƙahon rago. Ya daɗe yana kallo. Bai ba ta haƙuri ba, bai iya wannan ba. Ya tayar da turmin, ya mirgina shi ta zaure har ƙofar gida, inda duk mai zuwa fadama sai ya wuce. Ya zuba gero, ya ɗaga taɓarya.

Da fushi ya fara. Mode ya taso ya riƙe masa gwiwar hannu.

“Ba Isa ba na cikin turmin. Numfashi, Maccido.”

Aka yi ta tsayawa kallo, ana jifansa da magana, har abin ya gundure su. Ya yi dakan gidansa, ya yi na maƙwabta. Da asuba Mode kan kai shi yashin gulbi su yi tafiya a hankali, tsohon na gaba. Daga baya ya sa shi jan jigo da guga rabi. Duk ranar da Maccido ya so wuce iyaka sai ya karɓe igiyar, su yi ta cacar baki, tsohon ya ci nasara. Tarin ya ja baya. Damtsen da ya zube ya fara tasowa, sannu, kamar albasa a ƙarƙashin ƙasa.

Amma ruwan gulbi bai jira shi ba. Dashe ya zo, jikin bai gama dawowa ba.

Mai gari ya sauko fadama da mutanensa. Maccido ya kama igiya. Ya ja, ya fitar da numfashi, gugan ya nutse, ya taso cike, ruwa ya bi kwalbatin laka yana sheƙi. Fangali ya sha, na gaba ya sha. Ba a jin komai sai kukan sanda da zubar ruwa. Rana ta ɗaga, ruwa ya kai tsakiyar fadama, nan tarin ya taso. Ya ji shi tun daga nesa. Ya dubi sauran fangalin a bushe, ya dubi Isa, ya ƙara damƙe igiyar.

“Aje,” in ji Mode.

“Baba, saura rabi!”

“Na gani. Aje.”

Haƙoransa a datse, ya saki. Mai gari ya sa aka ja kunya daidai inda ruwan ya tsaya: na nan na Maccido, na can na Isa.

Shekara na kewayowa Maccido na iya shayar da fadama biyu irinta, amma kunyar nan ba ta sake matsawa ba. Ya kai ƙara, aka ce an riga an yanke. Har ya tsufa bai taɓa bi ta rabin Isa ba, sai ya kewaya. Sunan da aka laƙa masa don ba’a, Maccido Taɓarya, shi ya bi shi, kuma yana amsawa. Waɗanda ciwo ya kwantar, da waɗanda suka dawo daga soja a rame, sukan zo wurinsa daga Dinawa da Maikujera. Yakan kara kunne a bayansu, ya tambayi abin da suke ci, ya mirgino turmi ƙofar gida, ba ya yarda da zana. Yaro bai isa ya busa ko karan dawa a kusa da gidansa ba.

Buhun farko na albasar shekarar da aka raba fadamar, shi da kansa ya saɓa shi zuwa Goronyo, ya kai wa Baba Mode. Ya huta a hanya sau da yawa, yana zagin duk wanda ya ce zai taya shi.