Babban Faifai da Kabarin Baba

Baba tela ne a wani lungu na Briqueterie, unguwarmu ta Yawunde da kowa ke kira Birik. Da ya rasu, ni na tsaya a kan jana'izarsa, domin yayana yana gabas a lokacin, cikin dajin da ake haƙar zinariya, inda waya ba ta shiga. Bayan sadakar uku na kwance ƙafa ɗaya ta tsohon keken ɗinkinsa, baƙin ƙarfe mai nauyi da zanen furanni a jiki, na kai maƙabarta na kafa ta wajen kansa. Sauran kaburbura duk guntun kwano ne aka liƙa a kan rodi, aka rubuta suna da fenti. Na ce a raina namu dai ba zai ɓata ba.

Ya ɓata. Wata shekara masu tara tsoffin ƙarafa suka shiga suka kwashe alamomin gangaren gaba ɗaya. Wanda ya ƙi ciruwa suka yanke shi ko suka karya shi daga gindi. Sai ruwan Yawunde ya yi nasa aikin, ya kwaso jar ƙasa daga saman tudu ya shimfiɗa a kan abin da ya rage, ciyawa ta rufe. Da na je ziyara bayan babbar sallah, na yi ta zagaye kamar baƙo. Daga ƙarshe na tsaya inda nake zato, na yi addu'a na dawo gida. Na gaya wa Inna. Ta ce Allah ya san inda ya ajiye bawansa, ba ta sake tayar da maganar ba.

Sai da ƙafafunta suka kumbura, likitocin lopital, wato asibiti, suka ce mu mayar da ita gida mu ci gaba da ba ta magani, sannan ta tayar. Yaya ya riga ya dawo saboda ciwon nata. Muna zaune a ɗakinta da hantsi, ina matsa mata ƙafa, shi yana bakin ƙofa.

Ta ce, "Babba." Haka take kiransa, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "In lokacina ya yi, ku sa ni kusa da mahaifinku."

Ya ce, "Inna, ki bar wannan magana."

"Na bar ta shekara da shekaru. Yanzu na faɗa."

Yaya mutum ne marar yawan magana, daji kuma ya ƙara masa shiru. Ya dawo a rame, da tari, da wata doguwar jaka da ba ya barin kowa ya taɓa. A cikinta akwai na'urarsa ta neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wadda su a can suke kira aparai. Sanda ce doguwa, da ɗan akwati wajen hannu, da abin sawa a kunne, sai wani faifai a ƙasa da ake shafa fuskar ƙasa da shi. In ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka. Ya tambaye ni ko na tabbata ƙafar keken ta shiga ƙasa sosai lokacin da na kafa ta. Na ce kusan rabinta na binne. Ya ce to ba cire ta suka yi ba, karyawa suka yi, gindin yana nan.

Zuwanmu maƙabarta na farko da faifan da ya zo da shi ne, ƙarami kamar murfin kwanon tuwo. Ba mu samu komai ba sai marafan kwalba da ƙusoshi da wani cokali. Yaya ya ce ƙasar da ruwa ya zubo ta yi kauri, wannan faifan ba ya jin nisa. Wani abokin aikinsa da ya bar daji ya buɗe shago a unguwar Messa yana da babba, sabo, ko shi bai taɓa ɗaura shi ba. Yaya ya je ya aro.

Faɗinsa ya kusa tayar moto, wato babur. Da ya shigo da shi ta lungunmu sai da ya karkata shi, masu gasa nama a bakin titi suna tambayarsa ko tauraron talabijin ya sayo. A tsakar gida ya fara gwada shi. Ya haƙa rami kusa da rijiya har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa, ya jefa tsohon dutsen gugar Baba na gawayi, ya rufe ya daddanna da ƙafa. Ya bi da ƙaramin faifai, shiru. Ya kwance shi ya ɗaura babban, ya naɗe wayar a jikin sanda, ya kunna. Tun bai motsa ba na'urar ta kece da ihu. A Birik babu inda ba ƙarfe. Rufin kwano ya kewaye mu ta ko'ina, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, ga bututun famfo, ga tukwanen maƙwabta a bayan bango. Matan gidan haya suka fito suna toshe kunne. Yaya ya yi ta murɗa maɓallai yana rage mata ji, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har ihun ya koma gurnani. Ya matsa kan ramin a hankali. Sai ta yi wani kuka daban, mai kauri, kamar na saniya daga nesa. Ya ja baya, ya ɓace. Ya dawo, ya dawo.

Ya cire abin kunnen ya sa mini. "Ka ji? Wannan shi ne zurfi."

Tun dawowarsa ranar na fara ganin haƙoransa. Inna ta kira daga ɗaki tana tambayar abin da ke kuka haka. Ya leƙa ya ce mata, "Abin da zai nemo miki Baba ne." Ni dai na so a ce bai faɗa ba.

Washegari muka tare taksi. Direbobi da yawa suka wuce mu saboda faifan, wanda ya yarda kuma sai da Yaya ya rungume shi a cinya, fasinjojin baya suna gunaguni da Faransanci. Mai gadin maƙabartar tsoho ne daga wajen Garwa, shi ne kuma shugaban masu haƙa kabari. Wancan karon ƙyale mu ya yi, amma da ya ga wannan faifan sai ya taso daga inuwarsa.

Ya ce, "'Ya'yana, wurin nan mutane ne kwance. Kada ku haƙa fiye da taƙi ɗaya. Kada kuma ku taka kabari."

Na ce, "Baffa, ai ba a gane kabarin da hanya."

Ya dubi gangaren, ya ce, "To, ku riƙa yin sallama."

Na nuna wa Yaya iyakar inda nake zato, daga wani kututturen mangwaro zuwa inda ruwa ya yanka ƙaramin kwari. Ya fara shara, hagu da dama, taku kaɗan-kaɗan. Faifan yana da nauyi, ciyawa kuma tana kama shi, sai na riƙa shiga gabansa da adda ina sarewa. A nan babu kwano babu waya, na'urar ta yi tsit, sai ɗan zuwwa. Ba mu yi nisa ba ta yi kuka. Na durƙusa da 'yar fartanya na kankare ƙasa. Guntun rodi ne, an yanke kansa da zarto. Muka matsa, ta sake kuka, wani rodin. Can muka samu kwano guda da ɓarayin suka yar, tsatsa ta cinye rubutun, saura kalmar “bint” da rabin shekara. Na goge shi da hannun riga na jingina shi da dutse, ban san ko a kan mai shi na ajiye ba.

Haka muka yi ta yi har rana ta take. Matsalar babban faifai, in ji Yaya, yana jin nisa amma ba ya nuna daidai wurin. In ƙarfe biyu suna kusa sai ya haɗa su ya yi kuka ɗaya a tsakaninsu, ka haƙa ka tarar ba komai. Ya riƙa sauya hannu saboda nauyi, yana tsayawa ya yi tari. Na ce mu huta. Ya ce a'a. Gindin rodi muka yi ta bankaɗowa, kowanne mutum ne da danginsa suka taɓa tsayawa a kansa, babu wanda za a iya cewa ga sunansa.

Dab da kwarin nan ne ta yi irin kukan da ta yi a tsakar gida, mai kauri, daga ƙasa sosai. Yaya ya tsaya cak. Ya zagaya ta kowane gefe, kukan bai canza ba.

Ya ce, "Wannan ba rodi ba ne. Ba ni fartanyar."

Ya ajiye na'urar a ciyawa ya durƙusa. Taƙi ɗaya, babu komai. Na ce, "Yaya, iyakar da aka ba mu ke nan." Bai ji ni ba, ko ya ji ya ƙyale. Haƙa ce sana'arsa, hannunsa ya san ta fiye da kansa. Ƙasa tana fita ta tsakanin ƙafafunsa, ramin ya kai gwiwar hannu, ya wuce. Na sake kiransa. Sai fartanyar ta bugi wani abu da ba dutse ba, ƙara mai rami a ciki. Ya jefar da ita ya share da yatsu. Katako ne, baƙi, ya ruɓe, irin wanda ake jerawa a kan mamaci kafin a zuba ƙasa. Gefe ɗaya ya burma ƙarƙashin tafinsa, ƙasa ta zurara ciki. Wani wari mai sanyi ya taso.

Ban ga lokacin da tsohon ya iso ba. Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna a bakin ramin ya leƙa, ya ce, "Innalillahi. Ruwa ya cinye bayan wannan, shi ya sa ya matso sama." Ya dubi Yaya. "Mahaifinku an taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi?"

Muka ce a'a. Baba ko karaya bai taɓa yi ba.

"To, ba naku ba ne. Nan gefen akwai waɗanda mota ta buge, aka yi musu aiki a lopital, aka kawo su da ƙarfen a jiki. Abinka ba alama ya ji ba, mutumin ya ji."

Yaya ya zauna daɓas a kan ƙasar da ya tono. Ya juya gefe ya yi amai. Daga baya ya fara mayar da ƙasar da hannu biyu, bai yarda na taya shi ba. Tsohon ya kawo guntun katako daga rumfarsa aka toshe inda ya burma, ya yayyafa ruwa da buta, muka tsaya mu uku muka yi wa mutumin addu'a. Da muka gama ya raka mu har ƙofa. A nan ya ce ko da mun samu kabarin, gangaren ya cika tun tuni, babu gurbin ko jariri. Yanzu can ƙasa ake binnewa, layi-layi, duk wanda ya zo ya bi na gabansa. Na tambaye shi me ya sa bai gaya mana tun farko ba. Ya ce ya ga ba za mu ji ba.

Mun wanke hannu a famfon masallaci kafin mu shiga gida, amma jar ƙasar Yawunde ba ta barin farce da wuri. Inna tana jingine da filo. Na shirya abin da zan ce tun a taksi, cewa mun kusa, za mu koma. Ba ta dube ni ba. Hannun Yaya ta kama ta juya shi, ta ga farcen, ta ga inda katako ya yanke shi.

Ta ce, "Wa ka tono?"

Ya durƙusa a gaban gadon ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ta saurara idonta a rufe. Da ya gama ta buɗe ido.

"Shi ma yana da uwa," ta ce. "Gobe a yi waina a kai masallaci, a ce sadakar wani bawan Allah ce. Kai kuma ka mayar wa mutane abinsu. Kada wanda ya sake zuwa. Inda layi ya kai, ku sa ni."

Ta juya ta fuskanci bango. Na tsaya da kofin kunu a hannu har ya huce.

An yi wainar. Yaya ya mayar da faifan Messa da sassafe, a ƙafa, ya naɗe shi cikin buhu. Bai koma daji ba. Ya zauna yana jinyarta, shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, amma tsakaninsu magana ta ragu, kowanne kamar yana jin nauyin ɗayan. Ba ta ƙara ambaton Baba ba ko sau ɗaya, abincinta kuma ya yi ta raguwa.

Ta rasu cikin manyan ruwan ƙarshen shekara, ranar Talata bayan azahar. Layin ya kai can ƙasan tudu, kusa da gonar rogon wasu mutane. Wanda ke gefenta an binne shi da safen ranar, ƙasarsa ba ta ko bushe ba, masu haƙa suka ce wani direban babbar mota ne ɗan Chadi da ba a samu danginsa ba. Ruwa ya taru a ramin, sai da aka kwashe da bokiti. Ni da Yaya muka shiga muka karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A dawowa motar da ta kwaso mu ta maƙale a cunkoson kasuwar Mokolo, ruwa ya sake saukowa. Muka sauka muka ƙarasa a ƙafa, riguna sun manne mana a jiki. A lungu an riga an kafa tamfol an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun cika wurin, ruwan kwata yana bi ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Limaminmu ya matsa ya ba mu wuri. Muka zauna, mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna miƙo hannu.