Tubalin Maman Joy

Yayata Priscilla, wadda duk kasuwar Kontagora ke kira Maman Joy, taki take sayarwa. Da damina rumfarta ba masaka tsinke, da rani kuwa daga ita sai ƙudaje. Ita kuma tun muna yara a Rijau ba ta iya zaman banza ba.

Wani malamin gona ne ya nuna mata cewa takin yuriya, in an sa ɗan kaɗan, yana sa busasshen kara ya amfani saniya. Sai ta fara kwaɓa shi da dusa da gishiri da maɗi da ɗan siminti, ta zuba a gwangwani ya bushe ya zama tubali. Saniya lasa kawai za ta riƙa yi. Ni dai na yi mata dariya har da riƙe ciki. Wa zai ba dabbarsa taki?

Haliru, wani makiyayi daga rugar bayan Ibeto, shi ya fara saye, don shanunsa duk haƙarƙari ya fito. Sau uku ta ja masa kunne: "Malam Haliru, lasa ne fa. Kada ruwa ya taɓa shi."

Haliru ya ga lasar nan ba ta sauri. Sai ya yi yadda ubansa ke yi da kanwa: ya daka tubalin a turmi, ya jiƙa a baho, ya ba shanu suka sha. Kafin azahar ɗaya ta mutu, biyu sun kumbura. Nan da nan labari ya iso kasuwa, wai Maman Joy na kashe shanun mutane da taki. In wannan suna ya zauna mata, ko takin damina ba mai sake saye a hannunta.

Na tsorata, na ce ta rufe rumfa ta ɓuya. Harara kawai na samu. Ta nemo likitan dabbobi, ta haye bayan babur ɗinsa rungume da jarkar ruwan tsami mai karya dafin takin, sai ruga. Aka ɗura wa biyun, Allah ya sa suka tashi. Haliru da kansa ya jawo turmin gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, kansa a ƙasa.

Ta sa aka kafa ɗan rufi na ciyawa, ta ajiye sabon tubali a ƙarƙashi, ta tsaya har saniya ta lasa. Wallahi ranar na ji kunyar dariyar da na yi mata, kuma na yi alfahari da ita.

Ranin bara ina zaune a rumfarta, wani tsoho daga Kumbashi da ba ta taɓa gani ba ya leƙo.

"Nan ake sayar da Maman Joy? A ba ni huɗu."

Kafin ta buɗe baki, Haliru da ya rako shi ya dafa kafaɗarsa.

"Lasa ne fa, Baffa. Kada ruwa ya taɓa shi."