Jirgin Yaya Usman Bai Wuce Gadarif Ba

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Usman makwancinsa, Allah ya ji ƙansa, amma har yau in na shiga gidansa sai na ɗaga ƙafa a bakin zaure, kada in taka masa titin jirgi.

Yayana ne ciki ɗaya, manomin riɗi a nan Gadarif. Da ya bar wa 'ya'yansa gona, mun zaci zai koma inuwa yana kurɓar gahawa kamar sa'o'insa. Ina! Sai ya shiga tara gwangwanayen madara da ƙarafan tsofaffin laima. Ya shimfiɗa titi a tsakar gida, ya ciro injin wata tsohuwar rikoda ya ɗaura wa gwangwani, ya sa batir, sai ga jirgin ƙasa yana tafiya.

Ba wasan yara ya ɗauki abin ba. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare masa a Gadarif, tun bai kai bakin tekun da alhazai suke hayewa ba, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Daminar nan ce muke ciki har yau. Wannan abu ya tsaya wa Yaya a rai, shi ya sa ya ajiye Kano a gindin randa, Gadarif a ƙofar madafa, bakin teku kuwa wata tasa ce cike da ruwa a gindin darbejiya. Ya sassaƙa ɗan mutum da karan dawa, ya naɗa masa rawani, ya zaunar da shi a tarago. Burinsa ɗaya ne, in ɗauki bidiyo da wayata, kakanmu ya isa bakin teku ko sau ɗaya, a tura wa dangi su gani.

Ni ne mai ɗaukar, da furfurata, kwance rub da ciki. In na ɗan ɗago sai ya daka mini tsawa: "Ƙasa-ƙasa, ya zol, kai mutumin nan! So kake a gane gwangwani ne?"

Jirgin bai taɓa wuce Gadarif ba. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa sai ta kumbura, in ta bushe ta tsage, ƙofar madafa kuwa nan ne matarsa, Yaya Asha, take watsar da ruwan wanke-wanke. Kullum titi a karkace. Jirgi ya taso daga Kano da ƙarfinsa, ya zo nan ya kife, kaka ya wuntsila. Rannan har kaza ta ɗauke shi, Yaya ya bi ta ba takalmi yana kira mata wuƙa.

Ya roƙi Yaya Asha ta sake wurin zubar da ruwa. Ta ce, "Baban Haruna, tun ina amarya a nan nake zubar da ruwana. Jirginka ne ya zo ya same ni." Na ce to a matsar da tashar mana. Ya ƙi. Wai kakanmu wurin abinci ya tsaya, don haka Gadarif ba ta barin ƙofar madafa, kalas, magana ta ƙare.

Haka ciwo ya kwantar da shi, ya tafi bai ga bidiyonsa ba. Wannan ya yi mini zafi ƙwarai. Bayan sadakar arba'in na shimfiɗa katako ƙarƙashin titin, jirgi ya wuce sumul har gaban tasa, na ɗauka ina share hawaye.

Yau gidan cike yake da baƙin da yaƙin da ake yi a ƙasar nan ya koro, kowa cewa yake kwana kaɗan zai yi ya wuce. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da su. Ina jin ƙarin tarago zai yi, ya sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗa musu a hankali cewa kakanmu ma haka ya ce.

Ranar da na nuna wa Yaya Asha sabon bidiyon, ta kalla har ƙarshe ta miƙo mini wayar. Ta ce in sa mata wancan, wanda jirgi yake kifewa, muryar mijinta tana tashi da salati da faɗa. Na ce ai a wannan ne kaka ya isa. Ta dube ni ta ce, "Da ya wuce, a ina zan samu yayanka?"

Na cire katakon. Washegari ta watsa ruwanta inda ta saba.