Kiran da Ake Yi Daga Tsallaken Titi

Duk wanda ke bin hanyar Akwanga da hantsi ya san Naja'atu mai awara. A Gitata aka haife ta, aure ne ya kawo ta Keffi, kuma tun da ta kafa kaskonta a bakin titi kusa da wata firamare ba ta sauya wuri ba. Awararta na da daɗi, amma da faɗa aka fi saninta.

Da can ba mafaɗaciya ba ce. A kan idonta maƙwabcinta Jethro ya tsaya a tsallaken titi ya ƙwala wa ɗansa Godwin kira. Yaro mai ladabi, aka kira shi ya amsa da gudu, kamar yadda ake koya wa kowane yaro a garin nan. Ɗan acaɓa ya kwashe shi. Har yau Godwin yana jan ƙafa.

Mutane suka zagi ɗan acaɓa. Naja'atu kuwa ta ce laifin na mai kira ne. Daga nan duk yaron da ya zo sayen awara sai ya sha karatu: ka tsaya, ka duba dama da hagu, ka sake dubawa, a mota ka zauna a baya, ban da leƙa kai ta taga. Babbar dokarta kuwa ita ce wadda ta ɓata wa iyaye rai.

"In an kira ka daga tsallake, ko ubanka ne, kada ka motsa. Ɗaga hannu, ya san ka ji."

Alhaji Husaini, yayan mijinta, yana da shagon siminti daura da kaskonta, titi ne ya raba su. Shi ya fi kowa jin haushi.

"Amarya, rashin kunya kike koya musu," ya ce. "Mu in Baba ya kira, ko takalmi ba ma tsayawa sawa."

"Lokacin nan jaki ke bin hanyar, Yaya."

Wata ranar kasuwa aka tashi makaranta, motocin doya daga Agwada suna ta wucewa. Hamdiya, autar Alhaji Husaini, na tsaye wurin kasko, sai ya hango ta daga shago, abokansa kuma na zaune a benci.

"Hamdiya, zo nan."

Ƙafar yarinyar ta ɗaga. Naja'atu ta saki matsami, ta zabura, ko da yake ta san ba za ta cim mata ba. Sai yarinyar ta mayar da ƙafar, ta ɗaga hannu.

"Ke, ba da ke nake ba?"

Hawaye ya zubo wa Hamdiya, amma hannun na sama. Wani a benci ya yi dariya. Alhaji ya tattare babbar riga ya taso. A bakin kwalta ya ci birki, ya bar tirela ta wuce, ya kauce wa keke, ya tsaya a tsakiya yana waige-waige kafin ya ƙaraso yana haki. Ya ɗaga hannu zai kai mari, Naja'atu ta shiga tsakani.

"Kai da gemunka sai da ka tsaya ka duba, Yaya. Ita kuma ka ce ta rufe ido ta rugo? Don 'yan benci su ce ka iya tarbiyya? In marin ne, ga fuskata, ni na hana ta."

Awara na ƙonewa a kasko, ba ta ko waiwaya ba. Alhaji ya dubi titin da ya ratso, ya sauke hannu, ya kama na 'yarsa ya riƙe gam. Sun daɗe a tsaye kafin su tsallaka.

Bai ba ta haƙuri ba, kuma har yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwarta. Amma in an tashi makaranta, shi da kansa yake barin shago ya tsallako ya tafi da Hamdiya. Akwai dai wasu iyayen a tsallake da suke ta kiran 'ya'yansu.