Kukan Motar Alhaji Abdulmutallib

Da kunne Mode Bakanike ya yi suna a Goronyo. Mota tana tafe daga nesa zai ce fulogi ne, a buɗe a tarar fulogin ne. Sai ƙarar injuna ta yi ta cin jinsa a hankali, har ya zama sai an sa masa baki a kunne. Ƙanensa Musaddiƙ, da suke gareji ɗaya, ya shiga lallashinsa ya koma Rimawa ya riƙe gonar albasa, wai kurma ba ya gyaran inji. Maganar ta ƙona wa Mode rai ƙwarai, ya rantse ba inda za shi.

Ya ce in shi ba ya ji, ai mai mota yana ji. Sai ya kafa doka: ba ya taɓa bonet sai ya titsiye mutum da tambaya. Da safe take yi ko sai ta ɗau zafi? A hawa ko a gangara? Man gidan mai ne ko na 'yan bumburutu? Ta ƙarshen ce ke korar mutane, don sai ka kwaikwayi kukan motar da bakinka.

Wata ranar kasuwa aka turo motar Alhaji Abdulmutallib, dillalin albasa, shaƙe da buhuna, ta mutu a hanyar Kagara. Dattijon ya amsa komai da ƙarfi, amma da aka zo kan kukan mota sai ya haɗe rai. Ya ce shi da furfura da jikoki ba zai tsaya gaban jama'a yana fut-fut ba. Musaddiƙ ya yi maza zai ɗaga bonet yana ba da haƙuri, Mode ya danne shi da tafin hannu.

"Baba, kai kaj ji mi tay yi, ni ban jiya ba," in ji Mode. "In ba ka yi min kukanta, a tura ta gaba."

Ga rana tana dukan albasa. Alhaji ya duba hagu da dama, ya ja Mode bayan gareji, ya kafa masa baki a kunne ya yi tari biyu, ya shaƙe, ya ɗauke, kamar yadda motar ta yi. Mode, da ba ya raga wa kowa, ya ce a ƙara. Alhaji ya ƙara, har wani mai shayi da ke kusa sai da ya juya baya yana danne dariya.

Mai ne ba ya isa inji, datti ya toshe matatarsa. Mode ya cire ta ya wanke ya mayar, aka murza makulli. Motar ta tashi, kowa a wurin ya ji, ban da shi, kuma abin ya sosa masa zuciya. Ya ɗora tafinsa a kan injin ya daɗe, yana jin bugunsa daidai a hannu. Ko waiwaye bai yi ba.

"Musaddiƙ, turo motar da ke bi mata. Kurma na jira."