Baba Amadu da Kututturan Bayan Ofis

Ka taɓa dasa itace ɗari da ashirin, guda huɗu kawai su rayu? Ni na yi, a nan Kaura Namoda, kuma mutumin da ya fitar da ni kunya ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko.

Sunansa Baba Amadu, mai gadin ƙofa a ofishin gwamnatin da nake aiki. Mutumin Galadi ne ta ƙasar Shinkafi. Shekara arba'in da ɗaya yana noman gero da wake a gonar da ya gada, har lokacin da zaman ƙauye ya gagara, ya kwaso iyalinsa bisa babura uku suka dawo gari. Wani ɗan'uwansa ya samar masa gadi. Daga safe zuwa la'asar aikinsa buɗe ƙofa da rufewa. Na ƙirga wata Litinin, sau sittin da bakwai. Idan babu mota sai ya zauna yana juya tafin hannunsa yana kallo.

A gefen ofishin akwai fili, taku tamanin a tsawo, hamsin a faɗi. Dā lambun hutawa ne. Lokacin da na fara aiki babu abin da ya rage sai kujerun siminti shida, biyu a karye, da leda, da ƙananan tsirrai masu ƙaya da ke fitowa duk damina. Tsofaffi masu bin fansho kan tsaya a rana tun hantsi. Sai muka ji za a ba masu keke napep filin su yi tasha. Na shiga wurin darakta na roƙa. Ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen damina mai zuwa, in bai ga lambu ba, tasha za a yi.

Na tara ma'aikata goma sha huɗu ranar Asabar, muka yi sassabe irin na mutanen gari: duk abin da ya ɗago kai muka sare shi ƙasa, muka ƙone. Muka dasa dashen da na samo, layi goma, kowane layi sha biyu. Ruwa ya ɗauke, awaki suka shigo. Kafin a yi wata biyu da shiga rani saura huɗu.

Saude mai fura, wadda ke zama bakin ƙofa, ba ta raga mini ba. "Malam Abdulbasit, awakin unguwa sun ce a gaishe ka. Sun ce yaushe za a sake walima?"

Baba Amadu bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, iccen da kunka dasa baƙi na. Masu gida kuwa kun sare su."

Ya ja ni cikin filin, ya tsuguna, ya kauda ƙasa da hannu. Sai ga kututture mai kaurin cinya, ƙananan rassa wajen ashirin suna fitowa daga jikinsa. Ya ce kalgo ne, saiwarsa ta yi nisa ƙasa tun kafin a haife ni, ba ya jiran bokitin kowa. Abin da ke hana shi tashi shi ne rassan sun yi yawa suna rabon abinci, mu kuma duk shekara mu aske su. A wurin dangin mahaifiyarsa na tsallaken iyaka ya koyi dabarar: ka zaɓi rassa biyu ko uku mafi miƙewa, ka yanke saura, ka ɗaure waɗanda ka bari, ka kewaye su da ƙayar da ka sara.

Ranar muka zagaya filin, yana nunawa ina rubutawa. Kututture hamsin da uku masu rai: kalgo sha tara, sabara sha huɗu, magarya tara, aduwa bakwai, gawo huɗu.

Na ce, "Baba, me zan ba ka?"

Ya ce, "Ka roƙa mini a bar ni in riƙa shiga da adda in na tashi aiki. Tun da munka baro gida hannuna bai taɓa ƙasa ba. In anka yi tasha nan, sai dai in mutu ina buɗa ƙofa."

Daga nan kullum bayan la'asar yana ciki. Ya gina 'yar kwata daga wurin alwalar masallacin ofis zuwa dashena huɗun nan, wai marayu ne, a taimake su. Ya hana kowa taɓa ƙayar. Ni kuma duk Juma'a ina zuwa da sandar awo. Da ruwan farko ya sauka, wata magarya ta ƙara kamu biyu cikin mako uku. Saude ta ce ƙarya nake, sai da ta zo ta gwada da ludayinta.

Ƙarshen damina darakta ya fito tare da shugaban masu keke. Arba'in da ɗaya daga cikin kututturan sun zama itatuwa, sha shida sun wuce kaina. Inuwar ba ta da yawa tukuna, amma tsofaffi tara na zaune ƙarƙashinta. Darakta ya duba ya ce, "Lambu na ce, Abdulbasit. Wannan ai daji ne."

Baba Amadu ya cire hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, daji na. Amma ba shi neman tankar ruwa, ba shi neman albashi. A ba shi damina biyu, in ba ka yi sallah ƙarƙashinai ba, ni zan sare shi da hannuna."

Darakta ya taka har ƙarshen filin ya dawo. Sai ya yanke: masu keke su ɗauki taku ashirin da biyar na bakin titi, saura a bar wa itatuwa, Baba Amadu ne mai kula. Mun rasa itace takwas a rabon. Shugaban masu keken da kansa ya roƙi a bar masa gawo biyu da suka faɗo ɓangarensu.

Yanzu Baba ya shuka kuɓewa da yakuwa tsakanin itatuwan, matarsa na zuwa ɗiba. Allah ya saka masa da alheri, ya mayar da shi gonarsa lafiya.

Kai ma don Allah kafin ruwa ya sauka bana, leƙa bayan makarantarku ko kangon unguwa. In ka ga tsiro mai rassa da yawa, kauda ƙasa ka duba gindinsa. Bar biyu, yanke saura, sa ƙaya, ka auna tsawonsu ka rubuta.